Anti Baji da Tsohuwar Kwamfutarta

Duk yaron da ya yi makaranta a unguwar nan, da aikin hannunta a ƙirji ya yi ta. Shi ya sa ainihin sunanta ya ɓace mata. Yara ne suka fara ce mata Anti Baji, iyaye suka ɗauka, har ta kai mijinta ma idan ya amsa mata waya sai a ji ya ce, "Anti Baji hannunta da aiki, wa za a ce mata?" A cikin gida kuwa Manaja yake kiranta, wai tun da ya ajiye tuƙin bas ya koma ma'aikacinta, kuma har yau ba a yi masa ƙarin girma ba. Ita ma ta bi bakin mutane tana ce masa Direba.

Shagon ba wani abu ba ne illa ɗakin gaba na gidansu da aka fasa wa ƙofa ta bakin titi. Da ka shiga, zare ne zai fara yi maka maraba, bango guda kanta ce cike da shi, kowane launi da 'yan'uwansa. Almakashi na ɗaure da igiya a jikin tebur, don Direba ya sha ɗauke shi ya je gyaran gashin baki. A tsakiyar ɗakin injin surfani yake, alluransa a jere kamar haƙoran matsefi. Can a kusurwa kuma, ƙarƙashin wani ƙyalle mai furanni, Tsohuwa take.

Tsohuwa kwamfuta ce. Fara ce a zamaninta, yanzu ta koma launin shayi da madara. Allonta irin mai ƙeyar nan ne, wanda ba a ɗagawa sai da nishi. Wata waya mai kauri mai faɗin baki ce ta haɗa ta da injin. A cikinta akwai manhajar da Anti Baji take zana baji da furanni da sunaye, ta aika wa injin, shi kuma ya ɗinka. In ba Tsohuwa, injin nan tarin ƙarfe ne kawai.

Tare suka fara aiki, ita da Tsohuwa, a masana'antar ɗinkin kayan ma'aikata da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Tana budurwa ta shiga wurin, aikinta saka maɓalli. Da aka kawo injin da kwamfutarsa, manyan teloli kowa ya noƙe, don an ce wanda ya ɓata shi kora ce. Ita kuwa kullum lokacin hutun rana sai ta ɗauki burodinta ta je ta tsaya bayan mutumin da ya zo haɗa injin, tana ci tana kallon hannunsa. Ranar da zai tafi, shugaban sashe ya tambaye shi wa ya koya wa. Mutumin ya waiwaya ya nuna ta da sukudireba. "Ni dai ban koya wa kowa ba. Amma wannan mai burodin ta koya."

Ba ta jin harshen da aka rubuta manhajar da shi, in ban da 'yan kalmomi. Da wuri da launi ta san komai: mai hoton allura shi ne aikawa, shuɗin shi ne ajiyewa, jan kuwa ko da wasa ba a kusantarsa. Ta riƙe linzamin kwamfutar, wanda take kira ɓera, ta yi ta ɗiga ɗigo bayan ɗigo har zaki ya fito da gezarsa, ko littafi a buɗe, ko fitila mai haske.

A bas ɗin da take shiga zuwa aiki ta haɗu da Direba. Kowace safiya yakan gaya wa fasinjoji cewa kujerar gaba a lalace take, sai an zo tsayawarta kujerar ta warke. Da masana'antar ta durƙushe aka yi gwanjon kayanta, lokacin sun yi aure har da goyo, suka tattara abin da Allah ya hore musu suka sayi injin. Kwamfutar gyara aka ba su. Direba ya kwance kujerun baya ya ɗora injin, ita kuma ta zauna rungume da allon a cinya kamar jaririya, tana yi masa faɗa a kan kowane rami da ya faɗa.

Da wannan shagon suka raini 'ya'yansu. Babbar ta yi aure a wani gari. Namijin kuwa, aiki ya kai shi nesa, sai dai waya. Auta ce ta zauna kusa, ma'aikaciyar jinya ce, ta auri wani malamin lissafi dogo siriri da kowa ke kira Malam.

Tsakanin Malam da surukarsa gaisuwa ce kawai. "Mama, ina wuni." "Lafiya lau, Malam, ya makaranta?" "Alhamdulillahi." Shi ke nan. Sai ya ɗosana a bakin kujera yana kallon ƙafarsa har Auta ta gama surutunta su tafi. Anti Baji tana ƙaunar yaron, ta san yana riƙe mata 'ya da mutunci, amma ta rasa ta inda za ta kama shi. Ta taɓa ce wa Auta, "Mijin nan naki, da awo ake ba shi magana ne?" Auta ta ce, "Ni na cinye rabonsa, Mama."

Ana cikin dogon hutun makaranta babbar 'yar ta haihu. Anti Baji ta lulluɓe Tsohuwa, ta danƙa wa Direba mabuɗin shago, ta ce shara kawai aka ba shi, ta tafi ganin jika.

Ranar da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta ji a jikinta akwai wani abu. Direba ya sa rigarsa ta fita, yana ta murmushi ba dalili. Auta na nan. Malam ma na nan, a tsaye, hannuwa a baya.

"Manaja, rufe idonki," in ji Direba.

"Ban rufewa. Me kuka fasa?"

Auta ta ja ta zuwa shago ta yaye ƙyallen. An goge Tsohuwa tas, har ƙurar da ta shekara a ramukan bayanta an hure. Malam ya danna maɓalli. A da, in an kunna ta, Anti Baji takan je ta ɗora ruwan shayi ta dawo ba ta gama farkawa ba. Yau kafin ta ajiye jakarta allo ya haska. Sai dai fuskar baƙuwa ce, hoto daban, ƙara daban.

Malam ya gyara murya. "Mama, Baba ne ya ce tana ba ki wahala wajen tashi. Shi ne na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na kuma sa mata sabuwar babbar manhaja. Wato wadda komai na kwamfutar yake zaune a kanta."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mata, don haka ta daure ta ce, "Allah ya yi albarka." Ta zauna, ta kama ɓera, ta nemo 'yar alamar manhajarta ta danna. Wani ɗan akwati ya fito da jan tambari. Ta sake dannawa, ya sake fitowa.

"Me ta ce?"

Malam ya sunkuya ya karanta. Ya sake karantawa. Gumi ya tsatso masa a goshi. "Ta ce ba ta san wannan manhajar ba. Wai ta tsufa da yawa."

"Wa ya tsufa?"

Direba ya ce bari ya duba ko ya bar famfo a buɗe, ya sulale.

"Zane-zanena fa?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Suna nan, Mama, wallahi suna nan. Sai da na kwafe su kafin in taɓa komai. Buɗe su ne dai ba zai yiwu ba sai da manhajar."

"To mayar mini da ita yadda take."

Nan ma da magana. Tsohuwar babbar manhajar ta goge, kuma ba a iya mayar da ita sai da faifan da kwamfutar ta zo da shi. Anti Baji ta san inda ta ajiye shi, cikin gwangwanin biskit a saman kantar zare. Ta sauke gwangwanin, babu faifai. Aka kira Direba. Ya yi ta sosa ƙeya, daga bisani ya ja su zuwa bayan gida inda yake 'yan shuke-shukensa na tumatir. Ga faifan can rataye da zare a jikin sanda, yana juyawa a iska yana korar tsuntsaye. Rana da ruwa sun cinye shi, har ana hango sama ta cikinsa.

"Ai na ga ba a amfani da shi," in ji Direba.

Anti Baji ta juya. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ba asarar aiki ce ta fi cin ta ba, ko da yake an kusa komawa makaranta, ga ɗaurin riguna jibge suna jiran baji. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, ta zauna gaban abar da ta sani tun tana budurwa, abar ta kalle ta kamar baƙuwa.

Washegari da sassafe ta fito shara, ta tarar da Malam tsaye a ƙofar shago da jaka a kafaɗa.

"Mama, in kin ba ni izini, ba zan bar ta haka ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Idanunsa sun faɗa, ga alama bai ji daɗin kwanansa ba. Fushin da ta kwana da shi ya rasa wurin zama.

"Ka karya?"

"A'a."

"To shigo. Ba a gyara da yunwa."

Suka fara da layin masu gyara, inda shaguna ke manne da juna, kowanne da gawarwakin kwamfutoci har bakin hanya. Malam ya rungumo Tsohuwa, ita tana biye tana ce masa ya kula da kwata. Duk inda suka shiga amsa ɗaya ce: a yar, a sayi sabuwa. Amma sabuwar kwamfuta ba ta da ramin da wayar nan mai faɗin baki za ta shiga, sabuwar manhaja ba ta san injin ba, kamfanin da ya ƙera shi kuwa ya daɗe da rufewa. Wani mai gyara mai gilashi a goshi ya leƙa bayan Tsohuwa ya yi dariya. "Mama, wannan ai gidan tarihi za ki kai ta."

"In za a kai ta, sai a haɗa da ni," in ji Anti Baji. "Malam, ɗauko ta mu tafi."

Suka dawo da ita gida. Malam ya baje tasa kwamfutar a teburin yanka, ya shiga laluben intanet. Ita kuma da ta rasa abin yi, sai ta zauna kusa tana jera zare. Zaman shiru ba halinta ba ne, don haka ta fara ba shi labarin masana'anta, da kujerar gaba mai lalacewa. Da farko da "to" da "ikon Allah" yake amsawa. A hankali sai ga shi yana tambaya. Ta tambaye shi me ya kai shi lissafi, ya ce yana yaro in'ina gare shi, duk lokacin da ya buɗe baki a aji sai a fashe da dariya. Lissafi ne kaɗai darasin da zai je gaban allo ya ba da amsa ba tare da ya yi magana ba. In'inar ta tafi, tsoron bai tafi ba.

Anti Baji ta ajiye zaren da ke hannunta. Shekarun nan tana zaton ko gidan ne bai kwanta masa ba.

"To a shagon nan," ta ce, "wanda ya yi maka dariya, da almakashi zan bi shi."

Ana haka ya faɗa wani dandali a intanet inda masu irin wannan tsohon injin suke haɗuwa, daga ƙasashen da Anti Baji ko sunansu ba ta taɓa ji ba. Ashe ba ita kaɗai ba ce. A cikinsu akwai wani dattijo, injiniya mai ritaya, wanda maimakon hotonsa ya sa na wata ƙatuwar kyanwa. Matarsa tana da injin, irin wannan tsautsayin ya taɓa faɗa musu, shi kuma ya zauna ya nemo magani.

Malam ya yi mata bayani dalla-dalla. "Tsohuwar manhajarki da wani yare take magana, na da. A can baya, babbar manhaja tana da tafinta a cikinta mai jin wannan yaren. Da suka yi sabuwa sai suka cire tafintan, suna ganin babu mai buƙatarsa kuma. Shi wannan bawan Allah ya ƙera wani tafintan, yana raba wa mutane kyauta."

"Allah ya yi wa Mai Kyanwa albarka. Rubuta masa."

Malam ya fara rubutu, ta dakatar da shi. "Ka gaishe shi?"

"Mama, a nan kai tsaye ake shiga magana."

"Ba da yawuna ba. Ce masa ina gaishe shi, ina gaida maiɗakinsa, ya yara, ya ƙarfin jiki. Kyanwar ma a gaishe ta."

Malam ya rubuta yana ƙunshe dariya. Da amsa ta zo, dattijon ya ce tun da ya shiga dandalin nan ba a taɓa tambayar lafiyar matarsa ba, ta ji daɗi ƙwarai, tana gaida 'yar'uwarta a sana'a. Kyanwa kuma tana barci, amma za a isar mata. Anti Baji ta kalli Malam ta gefen ido, shi ma ya san abin da take nufi.

Mai Kyanwa ya nemi hoton bayan kwamfutar, da bakin wayar, da lambar da ke jikin injin. Suka durƙusa su biyu a bayan tebur, ita riƙe da tocila, shi da wayarsa, yanar gizo-gizo a kansu. Sannan aka turo tafintan. Malam ya bi umarnin a hankali, leɓensa na motsi kamar ɗalibi a jarrabawa. Ya kashe Tsohuwa ya kunna, ya ja da baya.

"Mama, ke za ki danna."

Ta goge hannunta a zani, ta yi bismillah, ta danna. Allo ya yi ɗan duhu. Sai ga tsohuwar fuskar nan mai ruwan toka ta bayyana, ga allura a kusurwarta, ga shuɗi, ga ja.

"Ke 'yar nema!" Anti Baji ta tafa hannu. "Ina kika shiga kika bar ni da mutanen nan?"

Ta shiga buɗe zane-zanenta ɗaya bayan ɗaya. Ga zaki, ga fitila, ga furen da ta yi wa wata amarya wadda yanzu 'ya'yanta ke zuwa karɓar baji. Komai na nan. Ta ɗaura ƙyalle a firam ɗin da ke riƙe shi a ƙarƙashin allura, ta zaɓi zakin makarantar bayan kasuwa, ta danna allura. Injin ya yi shiru kamar ba da shi ake ba.

Malam ya duba nan, ya duba can. "Na gane. Direba ne babu."

"Ga ni nan!" Direba ya leƙo daga ƙofar cikin gida da kofin shayi. Tun ranar faifai bai yarda ya wuce bakin ƙofar ba.

"Ba kai ba, Baba. Wata ƙaramar manhaja ce, haka ake kiranta. Ita take ɗaukar saƙo daga kwamfuta ta kai wa inji."

Direba ya gyara tsayuwa. "To kun gani. Duk inda aka je, sai da mu."

"Shi ma ya gudu ya bar fasinja a hanya," in ji Anti Baji. "Halinku ɗaya." Amma da dariya ta faɗa, don haka Direba ya san an yafe masa, ya shigo ya samu wuri.

Mai Kyanwa yana da direban, wanda ya yi wa kwaskwarima da hannunsa. Da aka sa shi, injin ya yi ƙara, firam ya motsa, allura ta fara sauka. Suka zagaye shi suna kallo. Da ya tsaya, Anti Baji ta kwance ƙyallen ta ɗaga. Geza ta taru a gefe ɗaya, ido ɗaya ya sauko haɓa, baki ya wage har kunne.

Direba ya karkata kai. "Wace makaranta ce mai kwaɗo?"

Sai wata irin ƙara ta tashi a ɗakin, kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya. Anti Baji ta waiwaya a firgice, ta ɗauka injin ne. Malam ne yake dariya, ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Ba ta taɓa jin dariyarsa ba. Ita ma ta fashe, har sai da mai shagon kusa ta leƙo ta ga ko lafiya.

Aka sake gwadawa, kwaɗon ya ƙara muni. Malam ya duƙufa kan lambobi har rana ta take, bai ga kuskure ba. Mai Kyanwa ma ya ce nasa injin bai yi haka ba. Anti Baji ta ce a sake kunnawa. Wannan karon ba ta kalli ƙyallen ba, ta rufe ido ta kasa kunne. Ta san muryar injin nan kamar ta 'ya'yanta. A da tafiyarsa ɗaya ce, ba gaggawa ba tsayawa. Yanzu sai ya ruga, ya sarƙe, ya sake rugawa.

"Ƙwarewa yake yi," ta ce. "Kamar yaron da ake yi wa ɗura. Da can a hankali Tsohuwa take masa magana. Yanzu ka ba ta ƙarfi, tana zuba kamar Auta, shi kuma ba ya iya haɗiyewa."

Malam ya tsaya cak, baki buɗe. Sai ya zabura ya kama ɓera. "Akwai wurin! Akwai wurin da ake saita saurin da magana ke bi ta wayar nan. Na wuce shi ɗazu, ban kawo komai ba."

Ya rage, aka kunna. "Da saura," in ji ta, ido a rufe. Ya ƙara ragewa. "Ya kusa." Ya sake taɓawa. Injin ya ɗauka, tak-tak-tak-tak, santsi kamar ruwan sama a kan kwano.

"Tsaya nan. Kar ka ƙara taɓa komai."

Ba wanda ya yi motsi har allura ta tsaya. Ta kwance firam. Zaki ne, da gezarsa, da idanunsa inda Allah ya ajiye su. Malam ya yi tsalle ya damƙe hannun surukarsa da hannu biyu yana girgizawa, sannan ya tuna ko wace ce, ya saki kamar ya taɓa garwashi.

"Riƙe abinka," ta ce. "Ai hannun uwarka ne."

Sauran kwanakin hutun, injin bai huta ba. Direba na yanke zare yana guga, Malam na ɗaura firam, Auta in ta taso aiki ta zo ta ninke. Kafin a koma makaranta an sallami kowa. Kwaɗon farko kuwa Direba ya ƙwace shi ya manna a hularsa ta zuwa lambu, ya ce tun da an raba shi da faifai, wannan zai kori tsuntsaye.

Malam ya zauna ya rubuta duk matakan da suka bi, har da maganar saurin waya, ya sa a dandalin don wani ya amfana. A ƙasa ya rubuta cewa surukarsa ce ta gano matsalar da kunne, shi ya san inda maɓallin yake kawai. Godiya ta riƙa zuwa daga wurare masu nisa, yana karanta mata tana cewa a amsa wa kowa da gaisuwa. Matar Mai Kyanwa ta roƙi zanen fure ɗaya, Anti Baji ta zaɓi wanda ta fi ji da shi aka tura. Bayan wani lokaci hoto ya zo: an ɗinka furen a jikin matashi, ƙatuwar kyanwar nan ta baje a kai, ganye ɗaya kawai ake gani.

"Ka ga ikon Allah," in ji Anti Baji. "Duk wahalar da na sha, kyanwa ce ta more."

Wata rana Malam ya gaya mata gaskiya, cewa Tsohuwa ƙarfe ce, komai daɗewa za ta kwanta. A da, da wani ya faɗi haka da ya ji ba daɗi. Daga bakinsa kuwa ta saurara. Ya koma layin masu gyara ya tono wata sa'arta a ƙarƙashin tarin gawarwaki, ya wanke ta, ya zuba mata duk abin da ke cikin Tsohuwa, da tafinta da direba da zane-zane, ya gwada ta da injin ta yi aiki. Aka naɗe ta a bargo aka ajiye a saman durowa, ana kiranta Ƙanwa.

Makaranta ta buɗe, amma Malam bai daina zuwa ba. Duk ƙarshen mako yana shagon. Ya ce yana son ya koyi zanen, ita kuma ta ce hannunsa yana da nauyi amma idonsa ba laifi. Har gardama suke yi yanzu.

Wata ranar hutu Auta ta taso daga aikin safe, ta je gida ba ta tarar da kowa ba, ta biyo sawu. Ta same su kai da kai gaban allo, suna ja-in-ja a kan ganye ɗaya. Malam ya ce in aka karkata ɗinkin zai fi ɗaukar haske, Anti Baji ta ce zai tattare ƙyalle, ita ta san abin da take faɗa. Auta ta yi sallama, ba wanda ya ji. Ta sake yi.

"Mama, don Allah a ba ni mijina."

"Ɗauki abinki," in ji Anti Baji ba tare da ta waiwaya ba. "Amma sai ya gyara ganyen nan da ya ɓata."

"Ban ɓata ba, Mama, ki bari a ɗinka ki gani." Sannan ya ce wa matarsa, idonsa na kan allo, "Yanzu zan taso."

Auta ta riƙe ƙugu ta juya wajen mahaifinta, wanda ke zaune a benci a bakin ƙofa da butar shayi a gefe. Direba ya matsa mata, ya tsiyaya a kofi ya miƙa.

"Zauna, 'yata. Ni ma tun safe nake kan layi."